A Kan Iccen Wa Za A Yi Gwajin?

Wata Laraba da dare, a shirin kiran waya da nake gabatarwa, na buɗe layi da niyyar mu tattauna tsadar itacen girki a Maraɗi. Ban gama shimfiɗa ba wani matashi ya kira ya ce shi ya san maganin abin: a samo manyan injinan zarto irin waɗanda ake gani a bidiyon waya, a shiga daji, aikin wata guda a gama shi cikin yini, itace ya wadata, farashi ya sauko. Kafin in ce uffan layi ya cika. Wannan ya ce duk duniya ba kamar Stihl 070. Wancan ya ce tsohon yayi ne, Husqvarna ta fi shi gudu da sauƙin ɗauka. Wani ya kira daga ƙetaren iyaka ya ce mu duka ba mu ga inji ba tun da ba mu ga MS 880 ba. Sai ka rantse gardamar wa zai ɗauki takobi a kokowar ƙasa ake yi.

Ba zan ɓoye laifina ba. Na ji daɗin gardamar, domin ba abin da mai gabatar da shiri yake so kamar layi ya riƙa ƙara ba hutawa. Na bar su kusan minti arba'in, har ina zuga su. Dab da rufewa wani dattijo ya samu shiga. Muryarsa a shaƙe, ana jin kukan awaki a bayansa. Ya ce: “Ɗana, na ji kowa yana yabon nasa. To, a kan iccen wa za a yi gwajin?” Daga nan layin ya yanke, ina jin kuɗin wayarsa ne ya ƙare. Na sa kiɗan rufe shiri ban ba shi amsa ba. Wannan rubutu bashin amsarsa ne nake biya, kuma na san akwai waɗanda ba zai yi wa daɗi ba.

Da farko bari in yi kwatancen da ake ta nema, domin duk lokacin da na soki waɗannan injina sai a ce ai ɗan jarida ne, bai san komai ba sai surutu. Stihl kamfanin Jamus ne, Andreas Stihl ya kafa shi a 1926. Husqvarna na ƙasar Suwidin ne, ya fara ƙera injin zarto a 1959. Samfurin 070 da ake wa kirari injinsa ya kai cc 106, ƙarfinsa na dawaki shida da rabi, nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa takobi da sarƙa ba, ba a kuma zuba masa mai ba. MS 880 yana da cc 121.6, ƙarfin dawaki ya haura takwas da rabi, nauyi wajen kilo 10. Husqvarna 3120 XP yana da kusan cc 119, shi ma a wannan sahu yake. Ƙaninsa 395 XP cc 94 ne, nauyinsa kusan kilo 8, shi ya sa masu aikin yini suke yabonsa. In kana son ka gane girman abin, tuna cewa babur ɗin da ɗan kabu-kabu ke ɗaukarka da shi zuwa kasuwa, kai da buhun masara, injinsa cc 100 ne zuwa 125. Wato mutum ya rungumi injin babur a ƙirjinsa, an ɗaura masa takobi mai tsawon santimita 90, sarƙa mai haƙora tana zagaya shi da gudun da ya kai mita 20 cikin daƙiƙa guda.

Wanne ya fi? A kan gungume mai kauri sosai, 880 da 3120 za su riga sauran fita ɗaya gefen. 070 ba ya gudu kamar su, amma yana da juriya, gyaransa da sauƙi, kayan gyaransa sun cika kasuwa, na asali da na kwaikwayo, shi ya sa masu tsaga katako suka riƙe shi. 395 ya fi su sauƙi a hannu. Gardamar da ta ci mana minti arba'in ke nan, layi huɗu sun ishe ta. Ban ce injinan ba su da kyau ba. Ƙira ce ta gwanaye, an yi su domin dazuzzukan da ake samun iccen da mutum uku ba za su iya rungumarsa ba, inda ruwan sama ke zuba kusan shekara duka.

Yanzu mu dawo gida. Je bakin kasuwa ka tsaya inda amalanke da manyan motoci ke sauke itacen girki, ka duba da idonka. Mafi yawansa geza ce da sabara da taramniya, kaurin damtse, wani ma bai kai ba. Irin wannan gatari ke sare shi da sara uku ko huɗu, adda mai kaifi ma tana yi. Wanda ya ce lallai sai da inji, ƙaramin zarto mai cc 45 irin MS 250, wanda nauyinsa bai kai kilo 5 ba, ya ishe shi har ya yi yawa. A kan reshe mai kaurin damtse, babban inji ba ya ba ka komai sai ciwon baya da shan esansi. Lokacin da kake ɓatawa ba wurin yankan yake ba, wurin sunkuyawa ne da ɗagawa da jawo reshe da tarawa. Ga kuma rairayin ƙasarmu da ke maƙale a ɓawon kowane icce, wanda ke dakushe haƙoran sarƙa ba ruwansa da tsadar injin.

Saboda haka wanda ya zuba dubban ɗaruruwan sefa ya sayi inji mai takobin santimita 90, sannan ya ce maka itacen girki zai yanka wa mata, ka dube shi da kyau. Ba mai sayen raƙumi don ɗaukar ƙullin gishiri. Kuɗin da ya zuba sai ya fito, kuma geza ba za ta fitar da shi ba. Abin da zai fitar da shi manyan itatuwa ne: gawo, ƙirya, maɗaci, kanya, ɗorawa. A ƙasa irin tamu kuwa, wadda kashi biyu cikin uku nata hamada ce, manyan itatuwan da suka rage ba a wani daji marar mai shi suke ba. Suna cikin gonakin mutane, da bakin gulbi, da maƙabartu, da ƙofar masallatan ƙauye. Kowanne da wanda ya raine shi. Tambayar dattijon nan ke nan.

Na san amsar domin an yi gwajin a kan namu. A gonar gidanmu, a wani ƙauye kan hanyar Tasawa, akwai wata ƙirya da Baba ya ce shi ma ya tashi ya tarar da ita. A gindinta ake ajiye tulun ruwa da ƙwaryar fura lokacin noma. A nan Inna ke shimfiɗa zane ta kwantar da goyo. Ni kaina a nan na fara karanta littafin lakwal da babbar murya, ina kwaikwayon masu labarai, awaki ne masu saurarena. Bayan rasuwar Baba aka raba gona, ɓangaren da ƙiryar take ya faɗa hannun ɗan kawuna. Shekarar da aurensa ya taso wasu mutane suka zo da mota suka yi masa tayi. Ya kira ni ya ce: “Yaya, icce ne fa kawai, kuma ya tsufa.” Na kama hanya da sassafe in hana, na tarar har an tayar da inji.

Na'urar ɗaukar murya tana aljihuna, sai na kunna ta, ban san dalili ba, sabo ne na aiki. Har yau sautin yana nan. Daga lokacin da sarƙa ta taɓa ɓawo zuwa lokacin da ƙasa ta girgiza, minti goma sha ɗaya ne, kuma a ciki har da tsayawar da mai yankan ya yi ya wasa haƙora, domin ƙirya ba ta yankuwa da arha. Kafin azahar sun gama gunduwa-gunduwa. Gangar jikin ta tafi wurin masu sassaƙa turmi, rassan suka tafi ramin gawayi. Kuɗin da ɗan kawuna ya karɓa bai kai kuɗin katifar amarya ba. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce da shi: “Kai da ɗiyanka sai ku nemi inuwa a gindin katifar.” Da damana ta zo, masu noma a gonar suka riƙa cin abinci a ƙarƙashin amalanke.

Wani zai ce ai da gatari ma da an sare ta. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ɗaga gatari a kan ƙirya ba. Da gatari aikin yini biyu ne ko uku, na ƙarti biyu, kuma sautinsa yana kaiwa har cikin gari. Kafin a kai rabi mai gari ya ji, dattawa sun zo, an aika wa ƴan uwa, jami'in gandun daji ya samu labari, mai sayarwar kansa ya kwana ya tashi ya sake tunani. Wahalar gatari ita ce ta tsare mana itatuwa shekara da shekaru ba mu sani ba. Injin zarto wannan jinkirin ya kashe. Minti goma sha ɗaya ba ta isa a je a kira kowa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mu, mutanen Maraɗi da Damagaram, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin darajar icce, domin mun taɓa rasa shi. Iyayenmu sun ga fari na shekarun 1970, sun ga yunwar 1984 wadda a nan ake kira El Buhari, lokacin da iska ke kwashe ƙasar gona ta binne shuka, mutum ya yi shuka sau uku a damana guda. A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kunce, a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada. A wannan tsakanin ne wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka fara koya wa manoma su zaɓi toho mai ƙarfi su bar shi, su rage sauran, su riƙa gyara shi. Shi ne sassaben zamani. Baba na cikin waɗanda suka fara a ƙauyenmu, kuma ya sha dariya, ana ce masa mai ƙazamar gona.

Bayan shekara ashirin masu bincike suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu, suka ƙiyasta cewa manoman Nijar sun farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan kadada kusan miliyan 5. Ba gwamnati ta dasa su ba, ba a kuma yi musu ban-ruwa ba. Talakawa ne da wuƙa da haƙuri. Ƙauyuka irin Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa, har da mata a ciki. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Duk inda ake maganar farfaɗo da ƙasa a duniya sai an ambaci Nijar. Wannan gadon ne wasu ke so mu miƙa wa inji ya gwada haƙoransa a kai.

Ɗauki gawo kaɗai. Icce ne da ke zubar da ganye da damana, ya bar hatsi ya sha rana, sannan ya yi ganye da rani lokacin da komai ya bushe. Ganyen da ya zubar taki ne, ƴaƴansa abincin bisashe ne a watannin da ba ciyawa. Duk manomin da ke tsakanin Matamaye da Magarya da Mirya zai nuna maka cewa hatsin gindin gawo ya fi na fili tsawo da zangarniya. Tsofaffin Damagaram suna ba da labarin cewa a zamanin sarakuna hukuncin wanda ya sare gawo mai tsanani ne ƙwarai, har ana cewa yana iya rasa kansa. Ba na kiran a dawo da wannan. Amma mutanen da ba su da ma'aikatar muhalli sun gane cewa gawo rumbu ne a tsaye. Mu da muke da ma'aikata da dokoki da ranar dashen icce kowace 3 ga Agusta, mun zauna a rediyo muna tafa wa injin da zai kayar da shi kafin shayi ya tafasa.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini a waya da kuma ido da ido.

Za a ce matasa ba su da aikin yi, injin nan sana'a ce. Gaskiya ne babu aikin yi, kuma ban raina yunwar kowa ba. Amma a tambayi wa ke cin ribar. Yaron da ke riƙe da injin ba shi ne mai shi ba. Mai shi yana gari cikin inuwa, shi ke da mota, shi ke da kuɗin tara in an kama. Yaron ana biyansa ne da yini ko da gungume. Yana aiki da silifa da ƴar shara, ba hular kwano, ba abin toshe kunne, ba wandon kariya, a gaban injin da ƙararsa ta haura desibel 100, wadda ke cin jin mutum sannu a hankali. Akwai abin da masu aikin suka fi tsoro: in saman bakin takobin ya taɓa wani abu, injin yakan yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido. Injinan zamani suna da birkin sarƙa saboda haka, amma da yawa daga tsofaffin samfura da na kwaikwayo da ke yawo a kasuwanninmu ba su da shi, ko kuma ya lalace an cire. Na taɓa zuwa gaishe da wani yaro a likita, bai kai shekara ashirin ba, sarƙa ta buɗe masa cinya har ƙashi. Uwarsa ce ta sayar da tunkiyarta ta biya magani. Mai injin ya aiko a karɓo masa injinsa. In wannan ce sana'ar, to a kira ta da sunanta. Kuma sana'ar da ke cinye jarinta ba ta daɗewa. In manyan itatuwan karkara guda suka ƙare cikin shekara uku, yaron zai koma zaman kashe wando, wannan karon a cikin rana.

Za a ce mata na buƙatar itacen girki, kai da ke da gas a gidanka me ka sani? Wannan ita ce magana mafi nauyi, kuma na yarda mafi yawan gidajen ƙasar nan da itace suke dafa abinci, za su kuma daɗe a haka. Amma na riga na nuna cewa itacen girki ba ya buƙatar babban inji. Matar ƙauye da ke da itatuwa a gonar gidansu tana samun itacenta daga rassan da ake ragewa kowace shekara, iccen yana tsaye, baɗi ma ta samu. In aka kayar da shi, itacen yana tafiya birni cikin mota, ita kuma ta koma tafiyar rabin yini tana tsintar kara da kashin shanu. Geza da sabara in an sare su daidai suna sake toho daga gindi. A kan haka aka gina kasuwannin itace na karkara da dokar 1992 ta kafa, inda ƙauye ke kula da dajinsa, a raba shi kashi-kashi, a sare wannan bana a bar wancan ya huta, harajin kuma wani ɓangare ya zauna a ƙauyen. An yi irin wannan tsari a dajin Baban Rafi, nan kusa da mu. Tsarin yana da nakasu, an yi ha'inci a wurare, amma tushensa daidai ne: kada a cire fiye da abin da daji zai iya mayarwa. Tsohuwar ƙirya kuwa in ta faɗi, wanda ya gan ta ba zai ga madadinta ba.

Za a ce ai akwai halastaccen amfani. Akwai, ban musa ba. Iska ta kayar da dogon yaro ya tare titi ko ya danne katangar lakwal, ba mai cewa a jira gatari. Icce ya mutu a tsaye yana barazana ga gida, a yanke shi. Mutum ya dasa turare a garkarsa domin sayar da azara, nasa ne, ya yanka. Amma irin wannan aiki nawa ne a shekara a gunduma guda? Inji biyu ko uku a hannun ma'aikatar magajin gari, da mutanen da aka horar, sun isa. Ba ya buƙatar kowane mai ƴan kuɗi ya ajiye nasa a bayan mota.

Za a ce kuma kafintoci na buƙatar katako. To su ma a faɗa musu gaskiya: tsaga katako da injin zarto ɓarna ce. Kowane wucewa na sarƙa yana mayar da kusan santimita guda na icce gari, alhali zarton masana'anta siriri ne ƙwarai. A gungume guda, katako nawa ke tafiya a iska? Ƙasar da ke ƙidaya maɗacinta da yatsu ba ta da halin wannan almubazzaranci.

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dubi abin da ya samu madobiya a Afirka ta Yamma. Cikin ƴan shekaru, saboda kasuwar kayan ɗaki ta Sin, aka bi ta da injin zarto daga Gambiya da Senegal har Gana da Benin da Najeriya, inda a jihar Taraba ake kiranta madrid. Sai da ta kai an sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga farkon 2017, a 2022 kuma aka dakatar da cinikinta daga ƙasashen yankin. Kafin takarda ta iso, mota ta riga ta wuce. Dubi kuma Gana, wadda ta haramta tsaga katakon sayarwa da injin zarto tun 1998, amma har bayan shekaru masu yawa bincike ya nuna mafi yawan katakon kasuwannin cikin gida daga wannan haramtacciyar hanya yake fitowa. Darasin biyu ne. In ka yi jinkiri ka rasa iccen. In ka tsaya ga haramci a takarda ba ka tanadi wata hanya ba, ka buɗe wa masu karɓar na goro kasuwa ne kawai.

Don haka ba na cewa a ƙona injina. Ga abin da nake nema, kuma zan ci gaba da faɗinsa a rediyo har a gaji da ni. Kowane injin zarto da ya shigo ƙasa a yi masa rajista da lambarsa da sunan mai shi, kamar yadda ake yi wa babur. Wanda injinsa ya haura cc 60 kada a sayar wa kowa sai mai takardar aiki da ta nuna inda zai yi amfani da shi. Kada a kayar da icce mai rai a gona, ko da mai gonar ya yarda, sai da shaidar mai gari da kwamitin ƙauye da jami'in gandun daji, a kuma bar kwana bakwai tsakanin neman izini da yankan, domin a mayar da jinkirin nan da gatari ke ba mu. Inji ya yi ƙara a daji da dare, wannan kaɗai ya zama laifi. In an kama, a kama injin da motar da mai su, a daina tasa ƙeyar yaron da aka ba jika biyu. Wanda ya ɗauki yaro aiki kuma, kayan kariya da kuɗin magani a wuyansa suke.

Dokokin ma ba farawa za a yi daga babu ba. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, gawo na cikin itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, a 2020 kuma an fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya raina. Sai dai haƙƙin nan yana da kaifi biyu. Shi ya sa manomi ke kula da icce, shi ne kuma ɗan kawuna ya dogara da shi ya ce nasa ne. Mai kuɗi ya san ranar da talaka ke cikin matsi: ranar aure, ranar suna, ranar da aka kwantar da yaro, watan da rumbu ya ƙare. Ranar yake zuwa da mota. In muna son itatuwan su tsaya, dole ƙauye ya samu asusun da mutum zai ranta a irin wannan rana ba sai ya sayar da inuwar gidansu ba.

Mu na birni kuma kada mu wanke hannu. Motocin nan saboda tukwanenmu suke shigowa. Tun 2011 matatar mai ta Damagaram ke fitar da gas na girki. Duk mai albashin da ke iya sayen waya ta jika ɗari amma matarsa na hura itace a murhun duwatsu uku, ba shi da bakin zagin mai sare icce. Wanda gas ya fi ƙarfinsa, murhun Mai Sauƙi da maƙeranmu ke ƙerawa yana rage cin itace. Masu gasa nama da masu burodi da masu shayi, waɗanda suka fi kowa son gawayin ƙirya saboda daɗewar wutarsa, su ma a zauna da su.

Ga ƴan uwana masu aikin rediyo kuwa, ni na fara yin kuskuren, shi ya sa nake da bakin magana. Mu daina mayar da irin wannan abu wasan kirari. Ba kokowa ba ce, domin a kokowa wanda aka kayar yana tashi ya kakkaɓe rairayi ya dawo baɗi.

A gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai akwai wani busasshen icce da aka gina wa rumfa. Shi ne iccen Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada, ba wani icce kusa da shi sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, ayarin raƙuma na gane hanya da shi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi. Aka kwaso gawarsa aka kai Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Duk wanda aka ba labarin sai ya yi tsaki ya ce wane irin mutum ne wannan, fili iya ganinka amma sai da ya samu icce guda ya kashe. Shi dai ana cewa tsautsayi ne. Mu kuwa da idonmu biyu muke tara kuɗi, muna tambayar wane inji ya fi sauri.

Baba mai awaki, in wani ya karanta maka wannan, ka yafe mini jinkirin amsa. A kan iccenka za a yi gwajin, kai da ire-irenka da kuka sha dariya kuna rainon toho lokacin da ƙasa ta zama faƙo. In sun zo da mota, ka tara mutane kafin su tayar da inji. Ranar Laraba mai zuwa zan sa sautin nan na minti goma sha ɗaya a shirin, daga farko har ƙarshe, ba kiɗa ba magana, sannan in buɗe layi. Ka tanadi kuɗin waya.